Tambayoyi da amsoshi kan zaɓen ma'aunin zafin nama mai ƙarko don gashi a obin

Masu gasa nama a obin sun sha tambaya kan wannan ɗan na'ura, wanne za a saya, me yasa wani yake shekaru yana aiki wani kuma wata uku ya mutu. Na tattaro tambayoyin da aka fi yi na amsa su iya sanina. Abu ɗaya da zaka ga ina ta maimaitawa shine, ƙarkon ma'aunin zafi yana wurin tsinken da ake sokawa a nama da igiyarsa, can ne yake fara mutuwa, don haka can ya kamata idonka ya fara zuwa kafin ka kalli kyan sikirin ko yawan maɓallai.

Wai dole ne sai da ma'auni? Ai ido ma yana gane nama ya gasu.

Ido yana gane bayan nama ne kawai. Cikin kuma fa? Launi ba abin dogaro bane, kaza tana iya yin ja ta waje tayi kyau amma kusa da ƙashin cinya da saura, haka niƙaƙƙen nama yana iya canza launi tun zafin cikinsa bai kai inda zai kashe ƙwayoyin cuta ba. Kuma akasin haka ma yana faruwa, nama ya kai zafin da ake so amma ka ga ɗan ja-ja a ciki sai ka mayar dashi obin ya bushe ƙamas. Toh ma'aunin nan abu biyu yake maka, yana kare ka daga ƙwayoyi irin su salmonela da ke yawan zama a ɗanyen naman kaji, sannan yana hana ka ƙona nama mai kyau saboda tsoro. Ni a ganina na biyun ma shi yafi faruwa a gidaje, mutane sun fi wuce gona da iri wajen gashi saboda basu da tabbas.

Iri nawa ne, kuma wanne ne na obin?

Na dijital dai kusan kashi uku ne.

Akwai na soka-ka-cire, wanda ake naɗewa a saka a aljihu. Zaka buɗe obin ka soka a nama ka karanta cikin 'yan daƙiƙu ka zare. Wannan ba a barinsa a cikin obin ko na minti ɗaya, jikinsa roba ne kuma akwai batir da sikirin a ciki, narkewa zai yi.

Akwai mai igiya, tsinken ƙarfe yana cikin nama a obin, igiya ta fito ta gefen ƙofa ta shiga wani ɗan akwati mai sikirin da ke waje, galibi da maganaɗisu a bayansa. Zaka saita zafin da kake so, in ya kai sai alam ya kaɗa. Wannan shine asalin na obin.

Sai na zamanin nan mara igiya, tsinke ne kawai mai ɗan kauri da batir a cikinsa, yana aika lamba zuwa wayarka ta Bluetooth.

In guda ɗaya zaka saya kuma gashin obin ne babban aikinka, ɗauki mai igiya. In da hali ka haɗa da na soka-ka-cire, don mai igiya wuri ɗaya yake auna maka, shi kuma ɗayan zaka bi dashi wuri biyu uku ka tabbatar kafin ka sauke.

Me ke saurin kashe mai igiya? Nawa sikirin ɗin lafiya ƙalau amma lambar da yake bayarwa ta rikice.

Nan ne maganar take. Akwatin waje da wuya ya lalace tunda baya shiga wuta, tsinken ne da igiyar suke shan wahala, kuma abu uku ne suke kashe su.

Na farko ruwa. Daidai inda igiya ta shiga gindin tsinke akwai 'yar kafa, a masu araha matse wurin kawai akayi ba a toshe shi sosai ba, toh in ka tsoma tsinken gaba ɗaya a ruwan wanke-wanke, ko tururi ya daɗe yana dukan wurin, ko romo ya gangara ta jikin igiya, ruwa zai shiga ya sami siraran wayoyin ciki, daga nan sai ka ga yana nuna maka digiri 90 alhali naman yanzu ya fito daga firij, ko kuma ya rubuta LLL ko HHH ya tsaya. Wani lokaci in aka bar shi ya bushe sosai yakan dawo, amma in abin ya maimaitu shikenan.

Na biyu zafi da ya wuce ƙarfin igiya. Kowace igiya tana da iyaka kuma a rubuce take a kwali ko takardar ciki. Mai rufin silikon ta fi laushi kuma ta fi jure ruwa amma bata kai mai saƙar ƙarfe jure zafi ba, ita kuma mai saƙar ƙarfe ruwa ya fi saurin ratsa ta. Abin da mutane basa lura dashi shine ko da ka saita obin a digiri 200, ƙarfen da ke bada wuta da harshen gas sun fi haka zafi nesa ba kusa ba, in igiya ta taɓa su ko ka kunna wutar sama alhali tana kusa, rufin wayoyin ciki zai narke ko da daga waje baka ga komai ba.

Na uku lanƙwasawa. Naɗe igiya da ƙarfi a jikin akwatin, fizgo tsinke ta igiya maimakon a kama ƙarfen da tsumma, ko datse ta a ƙofar obin inda babu robar gefe. Wayoyin ciki sirara ne ƙwarai, a hankali suke tsinkewa.

Toh me zan duba a wurin saye don in sami mai ƙarko?

Tambaya ta farko da zaka yi, ana sayar da tsinkensa daban? In amsar a'a ce, ni dai zan ce ka ajiye shi komai kyansa. Tsinke abu ne mai ƙarewa ko a wurin mai kula, wanda kamfaninsa ke sayar da tsinken canji shine zaka daɗe dashi, in ya mutu ka cire ka jona sabo akwatin yana nan. Kuma kar ka ɗauka tsinken kowane kamfani zai yi aiki a naka don kawai bakinsa ya shiga ramin, sensar da ke ciki, wato ɗan abin da ke jin zafin, ta bambanta, zai iya kawo lamba amma lambar ƙarya ce.

Bayan wannan ka juya tsinken ka kalli mahaɗarsa da igiya. Mai kyau zaka ga an sa masa wani ɗan sifirin ko roba mai kauri a wurin don kar ya karye, kuma an toshe shi. Ka duba iyakar zafin igiya, ya zama ta wuce zafin da kake gashi dashi da tazara mai kyau, in kana kai obin 230 ko 250 kar ka ɗauki wadda iyakarta 250 ce cif. Tsawon igiya ya kai mita ɗaya ko fiye don akwatin ya zauna nesa da zafi. Tsinken ya zama bakin ƙarfe mara tsatsa. Sai garanti, kuma ka karanta da kyau, don sau da yawa garantin akwati daban na tsinke daban, na tsinken ya fi gajarta.

Maɓallai ma ka danna ka ji. Wanda zaka iya saita lambar da kake so da hannunka ya fi wanda sai dai ka zaɓi hoton kaza ko saniya.

Mene ne IP65, IP67 da nake gani a jiki?

Ma'auni ne na duniya na yadda abu yake hana ƙura da ruwa shiga. Lamba ta farko ta ƙura ce, 6 na nufin ƙura bata shiga. Ta biyu ta ruwa ce, 5 na nufin yana jure feshin ruwa, 7 kuma yana jure nutsewa har zurfin mita 1 na minti 30. A na soka-ka-cire wannan lamba tana da amfani sosai tunda kullum da jiƙaƙƙen hannu ake kama shi. A mai igiya kuma kayi hattara, lambar galibi ta akwatin ce, bata shafi mahaɗar tsinke ba. In kuma rubutu kawai ka gani cewa baya jin ruwa babu wata lamba, ka ɗauke shi a matsayin wanda ruwa ke kashewa.

Ana cewa wani tamokopul ne wani tamista, meye bambanci?

Nau'in sensar da ke bakin tsinke ne. Tamokopul wayoyi ne guda biyu na ƙarfe daban-daban da aka haɗe bakinsu, in zafi ya taɓa mahaɗar sai 'yar wutar lantarki ƙalilan ta samu, na'urar ta mayar da ita lamba. Tsohon ilimi ne, wani Bajamushe Thomas Seebeck ya gano shi tun 1821. Da yake mahaɗar ƙarama ce tana ɗaukar zafi da sauri, shi yasa na soka-ka-cire masu tsada suke bada lamba cikin daƙiƙa 2 zuwa 3, wasu ma ƙasa da haka. Tamista kuma wani ɗan ƙwaya ne da yadda yake barin wuta ta wuce yake canzawa da zafi, ya fi araha kuma ya ɗan fi jinkiri.

Ga wanda zai zauna cikin nama awa biyu sauri ba wani abu bane, tamista ya wadatar kuma yawancin masu igiya na gida shi ne a cikinsu. Inda sauri yake da daraja shine lokacin da ka buɗe ƙofar obin zafi yana fita hannunka kuma yana ƙuna. A ɓangaren daidaito kuwa ka nemi wanda kuskurensa bai wuce digiri 1 sama ko ƙasa ba, masu kyau suna kai rabin digiri.

Mara igiya fa? Tunda igiya ce matsala ba gara in rabu da ita ba?

Tunanin yana da ma'ana, amma fa ka sani matsalar wuri ta canza. A mara igiya batir da kayan lantarkin duk suna cikin tsinken, naman ne yake kare su daga zafin obin, shi yasa zaka ga wani layi a jikin tsinken da aka ce dole a soka shi har ya wuce nan. Ɓangaren da ke cikin nama a yawancinsu bai jure abin da ya wuce wajen digiri 100 ba, in ka soka rabi ka bar rabi a waje ko naman ya motse tsinken ya fito, zaka iya ƙona shi a gashi ɗaya. Batirin ciki kuma ba a canza shi, ranar da ya daina riƙe caji tsinken ya gama aiki.

Sannan obin akwatin ƙarfe ne, yana danne siginar Bluetooth, nisan da aka rubuta a kwali a fili aka gwada shi, da ka rufe ƙofa zai ragu sosai, in ka naɗe nama da foyil ko tukunya mai murfin ƙarfe ma abin ya ƙara muni. Ga kauri, tsinken ya fi na mai igiya kauri don haka a ƙaramin yanki yana barin rami babba. Ga kuma dogaro da manhaja, in kamfani ya daina sabunta ta ko wayarka ta mutu ba yadda zaka karanta. Yana da daɗin aiki a babban nama ko wanda ke juyawa a kan sanda, wannan gaskiya ne. Amma in ƙarko ne abin da kake nema a gaba da komai, mai igiya mai tsinken canji ya fi kwantar min da hankali.

Zan iya amfani da wanda ake haskawa daga nesa, mai kama da bindiga?

A'a. Zafin saman abu kawai yake gani, bai san me ke ciki ba.

Na allura mai zagaye fa, wanda baya cin batir?

Shi kam yana da ƙarko kuma akwai waɗanda aka yi don a bar su cikin obin, in an rubuta haka a jiki. Matsalarsa sai an soka shi ya shiga wajen santimita 5 kafin ya karanta daidai, kuma matsakaicin zafin wannan tsawon yake bayarwa, ga jinkiri, ga leƙe ta gilashin obin don karanta ƙananan layuka. A babban nama zai yi, a siririn yanki ba zai yi ba.

Ta yaya zan gane nawa yana faɗin gaskiya?

Gwajin ƙanƙara. Ka cika kofi da fasasshiyar ƙanƙara har baki, ka zuba ruwan sanyi ya cike tsakaninta kawai, kar ƙanƙarar ta taso tana yawo a sama, ka jira kamar minti ɗaya ko biyu, ka soka bakin tsinke a tsakiya kana ɗan juyawa ba tare da ya taɓa gindin kofi ba. Ya kamata ya nuna 0, ko 32 in a Fahrenheit yake. Ka kula mahaɗar igiya kar ta shiga ruwan.

Ana gwadawa da tafasasshen ruwa ma, sai dai shi yana da sharaɗi, digiri 100 a daidai matakin teku ne, duk hawa na kusan mita 300 yana rage digiri 1, wanda ke zaune a tudu mai mita 1,500 zai ga ruwa ya tafasa a wajen 95 kuma ma'auninsa lafiya lau. Shi yasa na ƙanƙara yafi sauƙi. Kayi gwajin ranar da ka saya tun ana iya mayarwa, ka sake yi duk sanda ya faɗi ƙasa ko ka canza tsinke. Wasu suna da maɓallin gyara lamba, in naka bashi dashi kuma kuskuren ya wuce digiri 2, tsinken ne abin zargi na farko.

A wace lamba zan saita alam?

Ma'aikatar noma ta Amurka ta bada waɗannan a matsayin mafi ƙarancin zafin ciki: kaza da sauran tsuntsaye digiri 74 a ma'aunin Celsius, niƙaƙƙen naman sa ko na rago 71, dunƙulen naman sa ko na rago 63 sannan a bar shi ya huta aƙalla minti 3, kifi 63, ɗumamen abin da ya rage 74. A Fahrenheit 165, 160 da 145 kenan. Hukumar abinci ta Birtaniya ita kuma ta haɗa zafi da lokaci, misali 70 na minti 2 ko 75 na daƙiƙa 30. Ka tabbatar ka san a wane ma'auni naka yake, akwai ɗan maɓalli mai C da F, don 74 a Fahrenheit zafin ɗaki ne kawai.

Dalilin da yasa niƙaƙƙe yafi dunƙule buƙatar zafi shine, a dunƙule ƙwayoyin suna zama a waje ne inda wuta ke fara ci, niƙa kuwa ya cuɗa su har ciki.

Sai wani abu da yake ba mutane mamaki, babban nama yana ci gaba da dahuwa bayan an fito dashi, zafin bayan naman yana ci gaba da shiga ciki, lambar tana iya ƙaruwa da 'yan digiri, gwargwadon girman naman da zafin obin. Don haka a babban yankin naman sa zaka iya sa alam ƙasa kaɗan da inda kake so, ka fito dashi tsinken yana jiki kana kallon yadda yake hawa har ya kai. Cinyar kaza kuma ta fi daɗi in ta wuce 74 ta doshi 80, saboda jijiyoyinta sai a nan suke saki, ƙirji ne baya son haka.

A ina ake soka tsinken?

Sensar tana kusa da bakin tsinke, toh bakin ne ya kamata ya zauna a tsakiyar wurin da yafi kauri, kar ya taɓa ƙashi, kar ya faɗa cikin kitse, kar ya fasa ya fito ta ɗaya gefen ya taɓa faranti. A cikakkiyar kaza ka duba wuri mai kauri na cinya da kuma ƙirji. In yankin siriri ne ka soka ta gefe a kwance don tsinken ya shiga da tsawo, in kaɗan ya shiga ƙarfen da ya rage a waje yana jawo zafin obin zuwa baki sai ya nuna maka fiye da gaskiya. Da na soka-ka-cire kuma ka tura shi ya ɗan wuce tsakiya sannan ka zaro a hankali kana kallo, mafi ƙarancin lambar da ka gani ita ce zaka yarda da ita.

Zai gaya min zafin obin ɗin kansa?

Tsinken da ke cikin nama zafin nama kawai ya sani. Akwai masu rami biyu ko fiye da zaka jona tsinke na biyu ka maƙale shi a ragar obin da ɗan maƙali, yadda ba zai taɓa ƙarfe ba. Yana da amfani, don lambar da ke kan maɓallin obin ba kullum take daidai ba, kuma obin yana kunna wuta yana kashewa ne, zafin yana hawa da sauka. Kar ganin haka ya tsorata ka, haka suke aiki.

A mikrowef fa?

Kar a bar tsinken ƙarfe a ciki yana aiki. A fito da abincin sannan a auna.

Wankewa da ajiya?

Ka bari tsinken ya huce, ka goge ƙarfen da soso mai sabulu da ruwan ɗumi daga tsakiya zuwa baki, ka ɗauraye bakin yana kallon ƙasa yadda ruwa ba zai gangara mahaɗa ba, ka goge ya bushe. Igiya da ɗanyen tsumma kawai. Banda jiƙawa, banda injin wanke-wanke sai in kamfanin ya rubuta ƙarara cewa ana iya sawa. In ka soka a nama ka ga bai kai ba, ka wanke tsinken kafin ka sake sokawa anjima, kar ka ɗauko ruwan ɗanye ka kai wa gasasshe.

Wurin ajiya ka cire tsinken daga akwati, ka naɗe igiyar sako-sako da faɗin tafin hannu, ka sa murfin baki in yana dashi. Batir kuma ka zaɓi na'ura mai cin wanda ake samu ko'ina, irin su AAA ko CR2032, kuma in zaka daɗe baka gashi ba ka cire shi, batir da ya daɗe a ciki yakan zubar da ruwa ya cinye ƙarafunan da ke ramin. Batir mai rauni ma yana sa sikirin ya dusashe ko lamba ta riƙa tsalle, don haka kafin ka yanke cewa tsinke ya mutu ka fara sa sabon batir, ka tura bakin igiyar ya shige ramin sosai, sannan ka maimaita gwajin ƙanƙara.